Ramin salgar gidan Iya

A lokacin ina saurayi mai dillancin tattasai, na baro ƙauyenmu na bakin kogin Komadugu na kama ɗakin haya a Diffa, gidan wata tsohuwa Babarbariya da kowa ke kira Iya. Ban taɓa zama gida mai daɗin wannan ba. Akwai malamin lakwal, wato makarantar boko, daga Dosso, akwai masunci da ya gudo daga Najeriya da iyalinsa, duk inuwar bishiya ɗaya muke sha. Da la'asar malam ya dafa shayi, matar masunci ta kawo bandar kifi, Iya tana tsokanata wai warin buhunana ne ya hana ni samun mata.

Damina ɗaya bakin salgar gidan ya zaizaye, har ƙafar 'yar masunci ta zurma, Allah ya sa uwarta na kusa. Na yi wa Iya magana, ta ce in yi haƙuri ruwa ya ɗauke. Ni kuwa ina ji da sanin hanyar biro, wato ofis, sai na wuce ma'aikatar magajin gari na kai ƙara ban shawarci kowa ba, ko bulama, mai unguwarmu, ban tuntuɓa ba. Ma'aikatan tsabta suka zo, kuma ba su zalunci kowa ba. Suka duba salga, suka ɗaga kai suka ga gara ta cinye azarar ɗakuna, suka ce ba mai sake kwana ciki sai an gyara. Iya ba ta da ƙarfin gyaran. Ɗanta ya zo daga Maine-Soroa ya sayar da gidan, ya tafi da ita.

Ranar da muke kwashe kaya ba ta zage ni ba. Tambayata kawai ta yi, wai duk mazan gidan nan an rasa mai shebur ne, da har sai baƙo ya shigo mata da takarda. Na ci gaba da ɗaure kayana.

Yau ina da gidajen haya nawa, kuma kafin kowace damina da kaina nake bin salga da rufi. Masu gida, ku gyara tun ba a zo muku ba. 'Yan haya, in rai na cikin haɗari ku kai ƙara, amma ku fara tara juna. 'Yar masuncin nan ta girma, takan sayi tattasai wurina da goyonta. Iya ce ban sake gani ba.