Ranar da Iya Ta Kai Jininmu Gaban Dagaci

A gidanmu zuciya a kusa take. Duk ƙauyen an san mu da haka, kuma kakata, wadda muke kira Iya, ta mayar da abin tinƙaho. Ni kaɗai na fita zakka. Ko kaza na kora sai na ji kamar in ba ta haƙuri.

Shekarar da nake neman aure a Roni, kaina rawa yake yi. An kai gaisuwa, an karɓa, saura bincike: dangin yarinya su turo wanda zai ji asalinmu da halinmu. Suka turo baffanta, wani dattijo marar son magana. Na wanke babur sau biyu, na roƙi kowa a gida ya riƙe zuciyarsa kwana uku kacal.

Kwana ɗaya aka riƙe. Ranar kasuwar Babura yayana ya kai gero, mai awo ya dinga tara hannu a gefen kwano yana ƙara tozo. Yayana ya fizge kwanon ya kwaɗa masa a baki, haƙori ɗaya ya faɗa cikin geron. Da yake mai awon ɗan garinmu ne, aka ce a fara zama gaban dagaci, in ba a daidaita ba sai kotu.

Washegari zaure ya cika maƙil. Ina shiga na hango baffan yarinyar a kusurwa, ya harɗe, carbi a hannu.

Sai ga Iya da sandarta, ba wanda ya kira ta.

"Ranka ya daɗe, yaron nan ba shi da laifi, a jini yake! Ubana ya taɓa cizon jaki a kunne don ya ƙi tafiya. Mijina kuwa, ɗan baffana ne, da rabin aski a kansa ya bi wanzami da gudu har Kanya Babba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A hukunta kabari in za a hukunta!"

Mutane suna ta ƙyaƙyatawa, har mai awon ya rufe giɓinsa da hula yana dariya. Ni kuwa ido na kan baffa. Duk kakan da Iya ta ambata, sai ya ja ƙwayar carbi ɗaya.

Dagaci ya share hawayen dariya ya ce, "Mun ji, Iya. In jini ne, ai ga wani jinin nan." Ya nuna ni. "Uwa ɗaya uba ɗaya kuke. Ka taɓa dukan mutum?"

Gaba kura, baya sayaki. In na ce e, aurena ya tashi. In na ce a'a, na rushe wa yayana hujja, mutumin da ya goya ni lokacin da na karye a ƙafa. Yana kallona, baffa yana kallona.

Na ce, "Ranka ya daɗe, zuciya kam nakan ji ta har wuya. Amma ban taɓa ba."

Ban rufe baki ba na ji ƙwal a ƙeya. "Ɗan banza, ka kashe mana shari'a!" in ji Iya. Zaure ya kece. Na dafe kai, ni ma dariyar ta kama ni har da hawaye.

Dagaci ya ce jini na iya kawo zuciya, amma hannu mai shi ke ɗagawa. Aka sa yayana ya kai mai awo wurin likitan haƙori a Kazaure, ya ba shi haƙuri a bainar jama'a, ya girbe masa gona. Yayana bai yi mini magana ba sai bayan kaka, kuma wannan ya yi mini ciwo fiye da sandar.

Baffa ya koma Roni. Bayan mako guda saƙo ya iso, an ba ni yarinyar. Wai ya ce wanda aka kwaɗa wa sanda a gaban jama'a ya yi dariya, 'yarsu za ta zauna lafiya a hannunsa. Na hau babur na zaga gari sau uku ina danna hon.

Bara 'yata mai shekara biyar ta ciji wata yarinya a Islamiyya. Matata ta harare ni ta ce, "Jininku ne." Wallahi wani daɗi ya taso mini, irin na Iya, har na buɗe baki zan ba da labarin jaki. Sai hannuna ya kai ƙeya. Na kama hannun 'yata muka tafi ba da haƙuri.