Ƙafa Shida Zuwa Fadamar Babanmu

Kafin wani ya riga ni faɗa, wawan wannan labari ni ne. Aji biyu na yi a elementare, kuma da su na auna komai.

Yayata ce ta aiko daga Doguwa: in ba a nome fadamar mahaifinmu bana ba, mai gari zai ba wani. Shekara talatin ina gadi a gonar gwaji ta Bebeji, ban leƙa gida ba, amma ƙamshin lakar fadamar nan bai taɓa barin hancina ba. Na roƙi malamin gona ya ara mini ƙaramar tarakta, wadda ba ta fi maraƙi ba, da direbanta. Ya ce laka za ta haɗiye ta. Na ce ai ilimi ya yi maganin wannan. Akwai 'yar'uwarta da ta mutu a bayan sito, sai mu cire tayoyinta na baya mu ƙara wa mai rai, na bayanta su zama biyu dama, biyu hagu.

Mun tashi da asuba, tayoyin aro ɗaure a baya, muna tafiyar da jaki ma zai raina. A garin Ƙofa mata suka ajiye tulu suna kallonmu. Na gyara hula.

A Kiru muka sauka wurin wani maƙeri. Ya ƙera dogayen ƙusoshi, ya sa guntun ƙarfe tsakanin taya da taya, ya ɗaure tamau. Na ce ya daddake kawunan ƙusoshin, kada su kwance a hanya.

"Malam, in na dake su, ba mai sake cire su sai wuta," in ji shi.

"Wa ya ce maka za a cire?"

Ya dake. Tarakta ta fito da ƙugu kamar ta ƙoshi da tuwon biki.

Daga Tudun Wada ƙasa ta fara ja, duwatsu suka fara leƙowa. Muka sha fura da nono na kwabo wurin wata Bafulatana, nonon da ludayi ke tsayawa a ciki. Nan zuciyata ta fara yi mini rashin kunya. Kowace ɗorawa na gani sai in ce na san ta. Na cika wa direba kunne da labarin hanyar fadamarmu, yadda take ratsa tsakanin duwatsu biyu, faffaɗa, muna yara muna gudu a cikinta mu uku a jere.

Rana ta biyu da la'asar muka isa. Yaya ta fito da sanda, ta rankwafa, ta shafa fuskata.

"Auta, kai ne da furfura?"

Na ce ƙura ce.

Da safe rabin gari suka bi mu. Muka zo duwatsun nan biyu. Ko dai sun matso, ko kuwa mu ukun nan ƙanana ne ƙwarai. Tayoyin waje suka daki dutse dama da hagu, tarakta ta tsaya cak. Da ƙafafunta huɗu na asali, da ta wuce har da sarari.

"Baba, a cire na wajen," in ji direba, ya ɗauko sifana. Sai ya dubi kawunan ƙusoshin, ya dube ni, ya mayar da sifana aljihu.

Na wuce ni kaɗai a ƙasa. Ga fadama kwance, baƙa, tana tururi, ga giginyar da Babanmu yake rataye gora. Na ari garma na yi kunya biyu, a ta uku bayana ya ce ya gama aiki. Mai gari ya yi mini magana mai daɗi, ya kuma ba wani fadamar a gabana.

Yanzu mun dawo Bebeji, tarakta na nan da ƙugunta, malamin gona ya ce ta fi kyau a laka. Ashe dabarata daidai take. Haka ma na gaya wa Yaya ranar da muke sallama, na ce laifin duwatsu ne, ni na auna komai.

Ta dogara da sandarta ta ce, "Ka auna laka, ka auna taya. Da kana zuwa, Auta, da ka san faɗin hanyar gidanku."