Kwalbar Christabel a Randar Baba Riskuwa

Baba Riskuwa bai taɓa zama a aji ba, amma shekara goma ke nan yana shiga jami'a kullum, abin da ko farfesa bai yi ba, don shi farfesa yana tafiya taro. Mutumin Argungu ne. Albasa ya noma har bayansa ya ce ya isa, sai ya dawo Birnin Kebbi yana wanke kwalabe a ɗakin gwajin sinadarai. Farar rigar aiki a kan jamfa yake ɗora ta. Sunan sinadari ko ɗaya bai riƙe ba, launi yake ganewa: wannan na ƙona hannu, wancan wari kawai gare shi.

Bana aka sami wata ɗaliba, Christabel, 'yar unguwar Gesse, mai aiki da gishirin jan ƙarfe. Takan narkar da shi ta haɗa da wani sinadari mai rungume shi, ruwan ya koma shuɗi. Daga nan sai a rufe kwalba a bar ruwan ya ƙafe sannu a hankali, har ƙwayar kiristal mai sheƙi ta fito. Ita ake aikawa injin da ke nuna yadda ginin abin yake. Malaminta ya ce in babu ƙwaya, babu gama karatu bana.

Sau uku tana haɗawa, zafin Afrilu na shanye ruwan cikin kwana biyu, ya bar mata gari kamar bular wanki. Ta haɗa na huɗu da ragowar kayanta. Washegari ta zo, babu kwalba a kan tebur.

"Baba, ka wanke min ita?"

"Ɗiyata, ni mahaukaci na? Taho ki gani."

Ya kai ta bayan ɗakin, gindin dogon yaro. Tsohuwar randa ce ya binne rabinta a jiƙaƙƙen yashi, kwalbar na zaune a ciki, an rufe da faifai.

"Baba, guba ce fa. In wani ya zo shan ruwa?"

"Randar ta tsage, ko akuya ta san babu ruwa ciki. Abin naki gaggawa ce ba ya so. Ke kuma kin aje shi bakin taga, kina ɗagawa kina leƙe kamar mai tuyar ƙosai."

"To yaushe zan duba?"

"Ranar da nic ce."

Kwana goma sha shida yana jiƙa yashin safe da la'asar, har Lahadi da babu aiki. In ta matso, sai ya ɗaga tsintsiya.

Ranar da ya yarda aka ɗaga faifai, ga ƙwayoyi shuɗaye a gindin kwalba, kowace kamar ƙwayar shinkafa. Christabel ta durƙusa a yashi tana ƙirga su.

Bayan wata guda hoton ginin ya dawo: jan ƙarfe a tsakiya, hannuwa huɗu sun riƙe shi. Baba ya juya takardar sama da ƙasa.

"Duk wahalar nan, ashe ƙaguwa muka raina."

Ta gama a bana. Ta sa sunansa a shafin godiya na kundinta, ta karanta masa. Ya ce bai ji da kyau ba, ta sake, kuma ta ɗaga murya don masinjan ofis da ke bakin ƙofa ya ji.