Ranar Da Aka Kulle Mu Da Malam Bukar A Kano

Potiskum zuwa Azare

Shida saura kwata, ana fitowa daga sallar Asuba, muka tashi daga ƙofar shagonmu na maganin dabbobi. Mu huɗu ne: Alhaji Maina mai shagon, shi ke tuƙi, Malam Bukar, dattijon da ke kula da sito, Madam Grace mai sallamar masu saye, sai ni Sale. Shagon ne ya cika shekara goma, Alhaji ya ce bana ba yanka rago kaɗai ba, zai kai mu wani wasa da ɗansa ya ba shi labari. Wai a kulle mutane a ɗaki tsawon awa ɗaya, su bi alamu su nemo makullai su fita.

A shingen bakin gari soja ya leƙo ya ce, "Ina zuwa?"

Alhaji ya ce, "Kano, za a kulle mu."

Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "To Allah ya fidda ku."

Bakwai da rabi muka tsaya Azare, muka ci masa da miyar taushe, muka kora da shayi.

Kano

Ta Shuwarin muka bi, muka haye gadar Wudil, goma da rabi muna cikin Kano. Wurin yana saman wani bene. Wata budurwa ta karɓi wayoyinmu, ta ce akwai kwaɗo biyar a ciki, na biyar shi ne na ƙofa. Ta nuna mana wani jan maɓalli a bango: duk wanda ya danna za a buɗe nan take, amma an faɗi ke nan. Sha ɗaya daidai ta ja ƙofa.

Ɗakin ba taga, an shirya shi kamar shagon tsohon ɗan kasuwa, da buhuna da sikeli da akwatin ƙarfe. Madam Grace ce ta gano makullin farko a cikin mudun gero. Na biyu ya ba mu wuya, har Alhaji ya cire hula, sai Malam Bukar ya ce a ɗora buhunan a sikeli. Nauyinsu ne lambar kwaɗon.

Muna kan na huɗu, saura minti goma sha biyu, Madam Grace ta taɓa ni. Malam Bukar ya zauna a ƙasa ya jingina da ƙofa, rigarsa sharkaf da zufa duk da sanyin na'ura, numfashinsa na fita da ƙyar.

Ta durƙusa ta ce, "Baba, lafiya?"

Ya ce, "Ku ci gaba. Alhaji ya yi ɗawainiya, kada in ɓata muku."

Alhaji ya ce, "Malam, me ke damunka?"

Malam Bukar ya ce a shekarun tashin hankali, tun bai zo wajenmu ba, wata rana harbi ya tashi yana cikin siton tsohon maigidansa. Abokin aikinsa ya kulle shi ta waje don ya tsira, ya ce yanzu zai dawo. Yini biyu ya yi a ciki kafin maƙwabta su fasa ƙofar. Abokin bai dawo ba har yau.

Makullin na huɗu yana hannuna a lokacin. Na dubi Alhaji, Alhaji ya dubi agogo. Madam Grace ba ta dubi kowa ba, ta miƙe ta danna jan maɓallin.

Budurwar ta buɗe tana cewa, "Ai kun kusa, saura kaɗan fa."

Alhaji ya ce, "Mun ƙoshi, 'yata. Taimaka mana da ruwa."

Muka zauna a matakala inda iska ke shigowa. Kunya ta kama ni. Shekara takwas ina ganin Malam Bukar yana tokare ƙofar sito da bulo ko ana ruwan sama, har na sha yi masa tsiya a kai, ban taɓa tambayar dalili ba.

Komawa gida

Bayan Azahar muka ci gurasa da tsire, biyu da rabi muka juyo. A Wudil Alhaji ya saya wa kowa soyayyen kifi na tsaraba. Daga nan har Azare Malam Bukar ne ke magana. Ya ba mu labarin abokin nasa, Gimba, mutumin Fika, wanda ya koya masa jera kaya da karanta kwanan watan magani. Ya ce 'ya'yan Gimba biyu suna nan wajen kawunsu, kuma ya daɗe yana son zuwa ya gan su, zuciya ba ta ba shi.

Alhaji ya ce, "Fika ai ga ta ga mu. Juma'a bayan masallaci mu je."

Madam Grace ta ce, "Da ni za a tafi."

Bakwai da kwata muka shigo Potiskum, muka fara sauke Malam Bukar a unguwar Dogo Tebo. Ya riƙe murfin mota ya ce, "Madam, na so in danna abin nan tun minti na farko, hannuna ne ya ƙi. Allah ya saka."

Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, mun gode wa Alhaji da motarsa. Ranar Juma'a, ƙarfe uku, muka kama hanyar Fika.