Abin da Mai Kitso Ke Gani Ta Saman Kai

Da hantsi, in ta share tsakar gida ta sallami jikoki zuwa makaranta, Gwaggo Khadijatu kan shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiyar gidanta da ke Faskari. Ta ajiye kujera 'yar tsugunno, da kibiyar tsaga, da gwangwanin man kitso. Kafin ta zauna an fara sallama. Haka take tun tana amarya, har ta kai ga yi wa jikokin waɗanda ta fara da su.

A da, yarinya kan sunkuyar da kai ta yi gyangyaɗi. Yanzu a kan waya take sunkuyawa, ta manta akwai idanu a samanta. Wayar Gwaggo 'yar ƙarama ce mai tocila, amma babu uwa a unguwar da ta ga abin da ta gani, ko ta ji saƙonnin muryar da ake karawa a kunne tana tsaga a gefensa.

Ba ta kai ƙara. Iyaye mata sun sha yi mata mita a kan haka. Takan ce ranar da ta kai ƙarar guda, sauran za su riƙa kife waya a cinya, shi ke nan kowa ya makance. Abin da take yi shi ne ta aika wa uwa cewa kanta ya isa tsifa, ta haɗa ta da ɗiyarta a tabarma ɗaya.

Haka ta yi wa Fiddausi a kakar bara. Fiddausi 'yar sakandare ce, ɗiyar Malam Mani mai fataucin awaki. Wani ya shiga turo mata saƙo a Fesbuk, ya ce shi ɗalibi ne ɗan Ƙanƙara. Ana cikin yi mata kitson shuku Gwaggo ta jiyo muryarsa a wayar yana tambaya ko Baba zai ci kasuwar Yankara, da wace hanya yake komowa.

Ta ɗan ja gashin.

"Wash, Gwaggo!"

"Daina motsi. Wannan saurayin naki, ke yake so ko Malam Mani?"

"Kai Gwaggo, ba saurayina ba ne. Gaishe da Baba yake son yi."

"A daji ake gaida suruki? Mi ya haɗa shi da hanyar da ubanki ke bi?"

Dariyar Fiddausi ta ɗauke. A ƙasar Faskari ko yaro ba ya buƙatar a yi masa bayanin yadda infoma ke tsegunta wa ɓarayin daji motsin mutane.

"Na riga na ce mashi a babur yake zuwa," in ji ta. "Don Allah kar ki gaya wa Inna. Rijiya za ta jefa wayar, Baba kuma ya cire ni makaranta."

"Ba ni zan faɗa ba, ke za ki faɗa. Kasuwa jibi ce."

Washegari mahaifiyar Fiddausi, Malama Kulu, ta zo tare da ita. Gwaggo ta bari sai da ta tsefe mata rabin kai, ta naɗe gashi a yatsa, sannan ta yi wa Fiddausi ido. Yarinyar ta faɗi komai. Kulu ta zabura za ta miƙe.

"Zauna, Kulu. Da rabin kai za ki fita titi?"

"Sake ni, Gwaggo! Yau sai na daka wayar nan a turmi!"

"Daka ta. Gobe ta ari ta ƙawarta, ke kuwa kin gama jin labari. Ɗiyarki da bakinta ta gaya maki. Ce ta nuna maki."

Kulu ta yi ta huci. Can ta ce, "To, nuna mani."

Kafin a tufke kitson, Fiddausi ta nuna wa uwarta yadda ake toshe mutum a Fesbuk. Sun goge hotunan da ƙofar gidansu ta fito a ciki, sun ɓoye lambar waya. Sun yi alkawari wayar za ta riƙa kwana a ɗakin Inna, kuma ba a gaya wa wanda ba a sani ba inda na gida zai je. Kulu da kanta ta sanar da mijinta, ta kuma tare faɗan.

Malam Mani bai ci kasuwar ba a makon, daga baya ya sauya hanya. Babu mai iya rantsuwa a kan ko wane ne mai saƙon. Abin da aka sani, shafinsa ya ɓace. Fiddausi tana makaranta, wayar tana hannunta. Malam Mani, wanda magana ba ta dame shi ba, ya zo zauren Gwaggo ya ce a ce mata ya gode. Bai ce na mene ne ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Matan Ruwan Godiya da na Sabuwa da biki ya kawo su Faskari sun ji labarin, wasu sun dawo da 'ya'yansu.

Bayan Babbar Sallah Gwaggo ta ajiye kibiya, domin yatsun sun fara ƙagewa. Tabarmar dai ba a naɗe ta ba.

Gwaggo Khadijatu, mai hannun sanyi, ke ce kika ga asirin 'ya'yan mutane ba ki tona ba, ba ki kuma kau da kai ba. Ke ce kika koya wa iyaye tambaya kafin duka. Mun gode. Allah ya sassauta ciwon yatsun, ya saka da alheri.

Uwa ko uban da ya karanta wannan ba sai ya iya kitso ba. Kafin ya ƙwace wayar ɗansa ko ɗiyarsa, ya zauna kusa ya ce, "Nuna mani." Sannan ya daure ya ji amsar har ƙarshe.