Dokin Sanusi a Bakin Kanal

Bazara ce. Da aka idar da sallar asuba na zauna a ƙofar gida ina ɗaura agogona. Inna tana dama kunu. Ƙanena Sanusi yana bakin turke yana ba dokinsa dusa da kanwa, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Shekarunsa goma sha tara. Dokin baƙi ne wul. Kawunmu mai fataucin shanu ya ba shi, bayan ya shekara uku yana kora masa garke zuwa kasuwar Talata Mafara.

Lokacin an gama madatsar ruwa ta Bakolori. An karɓe gonakin fadama, an tumɓuke itatuwa, an baje ƙasa da katafila. Manoma suka datse hanyoyin motocin aikin da shingaye. Da dattawa suka nemi mahayan da za su riƙa kai labari tsakanin shingayen, Sanusi ne ya fara miƙewa. Ba wanda ya sa shi. Makaminsa mashin kakanmu. Taƙamarsa ɗaya, babu hanyar fadama da bai sani ba.

Ƙarfe bakwai saura kwata muka ji ƙarar manyan motoci daga gabas. Ƙarfe bakwai daidai aka yi harbin farko. Na zaci taya ce ta fashe. Sai ya biyo a jere. Hayaƙi ya tashi daga rumbunan unguwar gabas, iska ta kawo ƙaurin gero.

Sanusi bai tsaya ɗaura sirdi ba. Ya haye, ya juyo.

"Yaya, hitar da su Inna! Ku bi mashaya, ku ƙetare gulbi!"

Iyakar abin da ya ce mini ke nan.

Muka fita ta bayan danga, mu goma. Na goya kakarmu. Ƙarfe bakwai da rabi muna kan tudun da ke kallon mashaya, mata da yara cunkushe a gangare. Mota ɗaya ta karkato wajenmu, cike da 'yan sanda masu kwalkwali. Da ta iso, da ba wanda zai kai bakin ruwa.

Sai ga Sanusi. Ya gifta ta gabanta a sukwane, mashi a sama, yana kabbara. Ya juyo ya sake giftawa. Kusa da direba akwai wani mutum ba kaki a jikinsa. Na gane shi. Ɗan ƙauyenmu ne, mai ja wa ma'aikatan madatsa igiyar awo. Ba zan rubuta sunansa ba, 'ya'yansa ba su yi mini komai ba. Ya leƙo ta taga yana nuni.

"Shi na! Shi na mai kai labari!"

Motar ta bar mu ta bi doki.

Sanusi ya nufi tsohuwar hanyar da ke kutsawa cikin duhuwa, inda mota ba ta shiga. Tun muna yara muke bin ta. Amma makonni uku kafin nan an gina kanal, babbar magudanar ruwa ta siminti, ta raba hanyar biyu. Sanusi yana kai-komo tsakanin shingayen arewa duk kwanakin, bai gani ba. Mai igiyar awo shi ya kafa turakunta. Motar ba ta yi sauri ba.

Dokin ya turje a bakin siminti. Sanusi ya juya shi ya sake zaburowa. Ya sake turjewa. A karo na uku ya yi tsalle, kofatansa suka zame, suka gangara tare. Mutum huɗu suka sauko daga motar, suka tsaya a baki suna duban ƙasa. Na ƙirga harbi bakwai. Ƙarfe takwas saura minti goma.

Kafin nan yawancin mata sun ƙetare. Inna tana cikin ruwa, ba ta gani ba. Sai washegari na faɗa mata.

Muka yi yamma ta cikin jeji, muna kauce wa titi. Rana ta take. Muka sha ruwan kududdufi. Da la'asar jaririyar ƙanwata ta daina kuka. Muka binne ta a gindin aduwa, muka ci gaba. A rana ta biyu muka isa Dakko, gidan dangin Inna.

Bayan kwana tara na koma. An saki ruwa a kanal. Ba gawa, ba doki, ba mashi.

Mai igiyar awon yana nan da ransa. Ya tsufa, yana sayar da albasa a kasuwar Mafara. Sau ɗaya ya tare ni, ya miƙo hannu biyu, ya fara ina gajiya, ina iyali. Na dube shi har ya janye hannun. Tun daga ranar, duk Talatar da nake gari sai na je na tsaya gaban rumfarsa. Ba na tayi, ba na magana. Ina tsayuwa har masu saye su watse. Ya turo mini limami sau biyu. Na ce ya nuna mini inda aka jefa ƙanena, zan daina zuwa. Yafiya kuwa babu. Ya rantse bai sani ba. Ƙarya yake yi, a motar ya koma.

Mu goma sha ɗaya ne a gidanmu. Tara suka isa Dakko. Jaririyar tana da kabari, na san itaciyar. Sanusi ba shi da.