Goron da Na Kai wa Shef, da Hanyar Bobo

Shef ɗina, wato maigidana a wurin aiki, ya kira ni maci amana a gaban ma'aikata, har da waɗanda aka ɗauka jiya-jiya. Laifina wai na nemi kamfani ya mai da ni reshenmu na garin Bobo ban sanar da shi ba. Ni kuwa na sanar da shi, irin yadda iyayenmu na Zongon Wagadugu suke yi tun zamanin fataucin goro. A wurinmu mutum ba ya tsayawa gaban maigidansa ya ce zan bar ka, rashin kunya ne. Babba kake samu ya kai goro ya yi magana a madadinka, in maigida ya karɓa, ya sallame ka ke nan. Kawuna na goya a moto, babur ke nan, ranar Juma'a, tsoho mai ciwon gwiwa, har gidan shef a unguwar Larle. Kawu ya yi bayani dalla-dalla. Shef ya karɓi goro da hannu biyu, ya ce Allah ya sa alheri. Amma da shef na Bobo ya buga masa waya kan maganar, sai ya tara mu a magaze, ɗakin ajiyar kayan kamfani, inda nake aikin kula da shiga da fitar kaya, ya ce shi a biro, wato ofis, babu wanda ya gaya masa komai. Da wannan takaicin na kama hanya, in ga wurin aikin da idona, in kuma ga yayata, wadda saboda ita ake duk wannan.

Mun tashi da asuba, ana sallame salla muka cika kar, babbar motar fasinja. Kuɗin mota ya hau fiye da yadda na bar shi, wai saboda akwai na'urar sanyi. Sanyin kuwa sun ba mu shi har ya yi yawa, kamar kifi suka ɗauko. Wanda ke kusa da ni wani ƙaton mutum ne mai waya biyu, ya ci kujerarsa ya ci rabin tawa. Kafin mu bar Wagadugu ya yi barci a kafaɗata. Ban tashe shi ba. Na ce a raina, ai gara wannan, shi aƙalla nauyinsa a fili yake.

Titin ba laifi, in ka cire wuraren da manyan kamiyo na dakon kaya suka tauna. Ana sauke mu a shingaye, kowa ya fito da katinsa, mu taka 'yar tafiya, mu sake hawa. Ba na ƙorafi a kan wannan, kowa ya san halin da ƙasa take ciki. Wata tsohuwa ce ta ba ni tausayi, ta ƙulle katinta a bakin zane cikin leda, cikin wata ledar. Duk sauka sai ta kwance, duk hawa sai ta ƙulle. Daga baya wata matashiya ta riƙa kama mata hannu. Ina kallonsu sai hankalina ya tafi wurin yaya.

A Boromo aka tsaya cin abinci. Wanda bai taɓa sauka nan ba bai san kasuwa tana gudu ba. Ƙafarka ba ta taɓa ƙasa ba mata sun kewaye ka da tire: kantun riɗi, dafaffen ƙwan zabo, ayaba, burodi, gasasshen naman kaza. Wannan ta kira ka da Mosanci, waccan da Julanci, wata ta dubi hulata ta ce Alhaji, ni da ko filin jirgi ban taɓa shiga ba. Na ci benga, wake da shinkafa ke nan, da mai da yaji, na kora da zomko, ruwan gero mai sanyi. Kazar kuwa da na ji kuɗinta na ce a bar ta ta huta. Riɗi na saya mai yawa, don yaya tana sonsa tun muna yara.

Daga Hunde ƙasa ta fara sauya launi. Itatuwa suka yi duhu, mangwaro a bakin titi tuli-tuli kamar ba na sayarwa ba. Mu da muka saba da zafin Wagadugu mai dafa ƙwaƙwalwa, iskar Bobo sai ta zama kamar an yi maka afuwa.

Yaya ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Aure ya kai ta Bobo tun ina lakwal, makarantar boko, kuma lakwal ɗin ban yi nisa ba, wannan kowa ya sani. Mijinta ya rasu bara, ba su da ɗa a raye, idonta kuma ya tafi, inuwa kawai take gani. Na yi na yi ta dawo Zongo, ta ce ba za ta bar ɗakin mijinta da kabarinsa ba. Da na yi sallama, abin da na fara gani igiya ce, an ɗaura ta daga ƙofar ɗakinta zuwa famfo, wata kuma zuwa bayan gida. Ita take bi. A bayan hannunta akwai ƙuna, butar shayi ce, ta ce ba komai. Maƙwabta suna ƙoƙari, Allah ya saka musu, amma kowa da gidansa.

Ta shafa fuskata ta ce na rame. Sannan ta ce, "Ƙanena, maigidan naka ya karɓi goron?"

Na ce ya karɓa.

Ta ce, "To alhamdu lillahi, an gama."

Ashe har ta sa an share ɗakin da ke kallon nata, an wanke, an shimfiɗa tabarma, wai na ni da iyalina. Ta ja ni tana bin igiyar nan har bakin ƙofar don in gani. Jama'a, ni ba mai saurin hawaye ba ne, amma sai da na fita waje na ce zan sayo katin waya. Bakina ya kasa gaya mata cewa akwai garin da ake karɓar goro da hannu biyu kuma magana ba ta ƙare ba.

Washegari na je reshen namu. Magazen bai kai namu girma ba, amma a tsabtace yake. Shef na can dattijo ne, Bajule, yana da 'yar Hausar kasuwa. Ya ba ni kujera, abin da ban saba samu a biro ba. Ya ce wurin yana nan, kuma ni yake so, amma ba zai ɗauke ma'aikaci daga hannun wani shef ba sai wancan ya ce to da bakinsa. Akwai kuma mai neman wurin, ba zai iya riƙe mini shi ya wuce ƙarshen wata ba. Na ba shi labarin goro. Bai yi dariya ba. Ya ce shi ya gane, ubansa ma haka yake yi. Sai ya rage murya ya ce, shef ɗinka tsoro yake ji. Mutum biyu sun bar hannunsa bana, in ka zama na uku, manya za su ce shi ne ba a iya zama da shi.

Wannan maganar ta bi ni har cikin kar. A dawowa ban ga Boromo sosai ba, ban ma san me na ci ba. Kwalin mangwaro na matse tsakanin ƙafafuna, ina ta juya abin. Shef ɗina yaro ne a kaina. Ubansa ɗan Zongo ne, na san shi, mun yi sahu ɗaya a masallaci, amma shi a unguwar Dapoya ya tashi wurin dangin uwa, ya yi karatun Faransanci mai zurfi. A kansa gida daban, biro daban. Tafiyar nan ta koya mini cewa mai zaginka wani lokaci ba ƙarfi ne ya yi masa yawa ba, tsoro ne. Na tausaya masa, ban ɓoye ba. Amma tausayi bai goge abin da ya kira ni ba.

Mun shigo Wagadugu bayan azahar. Ban biya gida ba, da kwalina na wuce biro. Na ƙwanƙwasa, na shiga, na bar ƙofar a buɗe da gangan.

Na ce, "Shef, ka ce a biro ba a gaya maka ba. To ga biro, ga ni, ga bakina. Ina neman a mai da ni Bobo. Yayata ta makance, igiya take bi ta je famfo. Ba kai nake gudu ba, kuma in manya suka tambaya, haka zan gaya musu."

Ya jawo wayarsa gabansa a kan tebur. Sannan ya ce zai kira Bobo yau ɗin nan. Ya ɗago ya ce, "Shi ke nan, Malam?"

Na ce, "Da saura. Kawuna ya hau moto da ciwon gwiwa don ya girmama ka, kuma ba wa shef muka kai goron nan ba, ɗan Zongo muka kai wa, don mun san ubanka. A gaban mutane ka kira ni maci amana. Suna nan a magaze, ba su tashi ba. Kira Bobo tukuna, ina tsaye, sannan mu sauka tare ka janye maganar a inda ka faɗe ta."